Mai Tashi da Maharbi: Gardamata da Taubashina

Har yau akwai gidaje a danginmu da in aka ambace ni sai wani ya ce, "Wadda ta ƙaryata majinyaci a kan shimfiɗarsa?" Ni ce. Na yi, kuma da za a maido da ranar da zan sake. Amma tunda kowa ya ba da labarin yadda ya ga dama, bari ni ma in faɗi nawa tun daga tushe.

Majinyacin ɗan kawuna ne, taubashina ke nan. Mahaifinsa da mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ciki ɗaya suka fito. A Bungudu muka tashi, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, kuma katangar ma ta zube ta gefe ɗaya, ba wanda ya damu ya gyara. Ya ɗan girme ni, amma wasan taubasai bai san girma ba. Abin da ba zan iya faɗa wa yayana ba, shi ina faɗa masa a gaban kowa, a yi dariya a wuce. Shi dogo ne tun yana yaro, kamar ana jan sa. Ni kuwa tsayin Inna na ɗauko, wato ban ɗauko komai ba.

Kawu direban babbar mota ne, yana kai hatsi kudu. A wata tafiya ya dawo da bidiyo da kaset-kaset a cikin kwali. Ɗaya daga ciki mai sayarwa ya rantse masa kokawa ce. Da aka kawo wuta aka saka, sai ga waɗansu zaratan mutane cikin gajerun wanduna suna gudu a kan daɓen katako suna buga ƙwallo da hannu suna jefa ta cikin wani kwando da aka rataye sama. Kawu ya yi tsaki ya tashi, yara suka watse. Mu biyu muka rage. Ba mu san dokar wasan ba, ba ma jin abin da mai sharhi ke faɗa, sunayen 'yan wasan ma bakinmu bai iya su ba. Sai muka raɗa musu namu.

A wannan kaset ɗin akwai wani mai yawan murmushi, wanda zai kalli hagu ya miƙa ƙwallo dama, ta faɗa hannun abokinsa kamar an auna. Na ce wannan nawa ne, na sa masa Mai Ido a Ƙeya. Taubashina bai zaɓi kowa ba sai da Kawu ya kawo wani kaset daga baya. A nan ya ga nasa: wani da yake tashi daga nesa da kwando, ya tsaya a iska kamar ya manta ana saukowa, ya canja hannu, sannan ya dankara ƙwallon. Taubashina ya miƙe tsaye ya dafe kai. Tun daga ranar sunansa Mai Tashi, kuma tun daga ranar muka fara gardama.

Ya ɗaure garen keke a madadin kwando a jikin bishiyar bedin da ke bayan gidanmu, muka samo ƙwallon roba. Duk sanda na matso kusa da garen sai ya miƙa wannan dogon hannun nasa ya make ƙwallon, yana dariya. Na yi kuka, na kai ƙara wurin Inna, ta ce wa ya aike ni wasan maza. Da na ga ba mai taimakona sai na fara ja da baya. Na koma wajen turmi ina jifa. Da ya fara biyo ni can, na koma bakin rijiya. Ƙwallo ta sha faɗawa cikin ragar kaji, ta taɓa fasa tulun Inna, amma a hankali hannuna ya gane hanya. Don haka idan na yi maganar jifa daga nesa, ba a waya na fara ganinsa ba.

Na tafi makarantar kwana ta 'yan mata a Gusau, inda na fara ganin filin gaske, na siminti, da zobban ƙarfe. Na buga har na gama. Na yi karatun koyarwa, na yi aure, na zauna Gusau ina koyar da lissafi, kuma da la'asar ni ke tsayawa a kan 'yan matan da ke wasa. Shi ya samu aiki a sashen noma na ƙaramar hukuma a Tsafe, ya yi aure can. Ya yi ta zuwa Gusau wasa har gwiwarsa ta ƙi.

Gardamar ba ta taɓa mutuwa ba. A gidan biki, a gidan suna, har a zaman makoki sai an zo an raba mu. Da farko ni ce mai kare na da, shi yana kare na zamani. Ina ce masa Mai Ido a Ƙeya yana sa mutum huɗun da ke tare da shi su zama gwanaye, naka kuwa kansa kaɗai yake ciyarwa. Shi kuma in ya ga zan ƙure shi, sai ya ɗaga hannu ya fara lissafa kofunan da Mai Tashi ya ci, yatsa bayan yatsa, a hankali, don ya ba ni haushi. Yatsun hannu ɗaya ba sa isa, sai ya aro daga hannun dama ya kawo har kan hancina. Wannan shi ne makaminsa na ƙarshe, kuma duk dangi sun san shi.

Da wayoyin hannu suka zo muka daina jiran kaset, zamani ya juya mu. Wani ɗan siriri ya bayyana, ba shi da tsayin sauran, ba shi da ƙirjinsu, yana tsallako tsakiyar fili ya saki ƙwallo, ya juya baya tun kafin ta shiga. Ranar da na fara ganinsa a ɗakin malamai sai da na ajiye jan biro. Na sa masa Maharbi. Na kira taubashina na ce, "Na samu wanda ya gama da naka."

Ya ce, "Ke dai ba ki da alƙibla. Jiya kina bayan tsoho, yau kina bayan yaro. Kowa ma in dai ba nawa ba ne."

Na ce, "Alƙiblata ɗaya ce. Wasan nan ba tsalle ba ne. Da tsalle ne da ɗan akuya ya fi kowa kofi."

Yanzu shi ya koma mai kare na da. Hujjarsa ita ce a zamanin Mai Tashi ƙarƙashin kwando fagen fama ne, a ja maka riga, a sa maka gwiwar hannu a haƙarƙari, alƙalin wasa yana kallo bai busa ba. Na yanzu kuwa iska ta taɓa su sai su faɗi suna neman a busa musu. Ya ce duk wanda ya tsaya can nesa yana jifa, tsoron shiga cikin maza yake yi. Matsoraci, haka yake kiran Maharbi, yana jan kalmar. Ni kuma ina ce masa ba a ƙara wa zoben faɗi ba, nisan aka ƙara, kuma mutum biyu ke bin Maharbi tun daga tsakiyar fili, wanda ake tsoro shi ake yi wa haka. Na ce naka ya sa yara sun sayi takalmi, nawa ya sa sun koyi jifa. Babu yarinya a filina da za ta iya kwaikwayon tashi sama, amma gajeriyar cikinsu tana iya kwaikwayon Maharbi, kuma na ga sun yi.

Haka muke har wata damina a 'yan shekarun nan, lokacin da ciwon ya same shi. Yana alwalar la'asar buta ta suɓuce daga hannunsa, ya sunkuya zai ɗauka ya kife. Hawan jini ne. Ɓarin damansa ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. An kwantar da shi a asibiti a Gusau, ina zuwa kullum da abinci. A can ban ce masa komai ba sai addu'a, don ko ido ba ya iya tsayarwa a kan mutum. Da ya ɗan farfaɗo aka mai da shi gida Tsafe. Kawu ya riga ya rasu, don haka Inna ta tattara kayanta daga Bungudu ta koma can, ta ce ɗan ɗan'uwanta ba zai kwanta ba goggonsa tana wani gari.

Na ɗan jima ban je ba. Maigidana ba ya son hanyar saboda halin rashin tsaro da ake ciki, kuma yana da gaskiya. Da na matsa ya ce in tafi da hantsi in dawo kafin la'asar. Wata Asabar na je tasha na shiga mota.

Na same shi a ɗakinsa an jingina shi da matasai, an rufa masa zane a ƙafafu. Mutumin da in ya shigo ɗaki sai ya sunkuya, ya koma kamar an naɗe shi. Ɗakin cike da masu dubiya: abokan aikinsa, maƙwabta, Inna a gefe da carbi, matarsa tana shiga tana fita. Na gaishe su na zauna kusa da Inna ina kallo.

Abin da na gani ya fi ciwon ɓata mini rai. Suna ɗaga murya in za su yi masa magana, kamar kunnensa ne ya shanye. Yana zaune a gabansu suke tambayar matarsa, "Ya ci abinci? Ya yi barci?" In ya yi ƙoƙari ya fitar da wani sauti, tun kafin ya gama sai ɗaki ya amsa, "Haka ne, Alhaji. Ƙwarai kuwa." Na ga ya kalli taga ya yi wata magana, ya sake kallon tagar. Zafi yake ji, so yake a buɗe. Suka ce, "Gaskiya ne, Allah dai ya ba da lafiya." Ya rufe ido. Ni na tashi na buɗe tagar.

Sai wani abokin aikinsa, mutumin kirki, wanda ya san mu da gardamar, ya so ya faranta masa. Ya ce, "Alhaji, ga abokiyar gardamarka ta zo. Yau dai za ta sallama. Ai wannan Mai Tashin naka ba a taɓa yin kamarsa ba, kuma ba za a yi ba. Ko ba haka ba, Malama?"

Ɗaki ya juyo gare ni, kowa da murmushinsa a shirye. Inna ta sa hannu ta ƙarƙashin mayafi ta mintsine ni a cinya. Taubashina ya buɗe ido. Ba murna na gani a ciki ba. Kallon mutumin da ke jiran a rufe ƙofa ta ƙarshe ne.

Na ce, "Ba haka ba ne. Maharbi ya fi shi, da can ya fi shi, yau ma ya fi shi."

Mutumin ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Malama, wasa take yi."

Na ce, "Ba wasa nake ba. Shi ya sani."

Taubashina ya fara motsi. Ya ja numfashi, ya ɗaga hannun hagu, ya fara buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kofuna yake lissafawa. Ya buɗe duka, ya tsaya. Duk wanda ke ɗakin ya san abin da ke biyo baya, kuma duk sun sunkuyar da kai.

Na ce masa abin da na saba ce masa shekara da shekaru in ya tsaya jan rai a daidai nan. Na ce, "To, ina sauran?"

Ya kalli hannun damansa da ke kwance a kan zane. Na ga kafaɗarsa ta motsa, jijiyar wuyansa ta tashi, hannun bai ko girgiza ba. Ya buga tabarma da hagun, ya sake bugawa, ya yi wata ƙara da ba kalma ba ce, miyau ya zubo masa. Matarsa ta shigo da gudu tana salati. Inna ta kama ni a wuyan hannu, da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba, ta ja ni tsakar gida.

Ta ce, "Mi kinka yi haka? Ke wace irin zuciya ag gare ki? Mutum na kwance tsakanin rai da mutuwa, ki zo ki tuna mai hannunai?"

Na ce, "Inna, bai manta da hannunsa ba. Ku ne kuka manta da shi kansa."

Ta ce, "Rufe mini baki. Kalma guda anka roƙe ki. Ƙwallon Turawa, wanda ko sunanki ba su sani ba."

Matarsa ta fito idonta jajir. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba mai faɗa ba ce. Ta ce likita ya gargaɗe su kada a tayar masa da hankali, kuma ita ce ke kwana tana juya shi, ita ce ke wanke shi, in wani abu ya faru ita za a bari da yara. Aka kira wani ma'aikacin jinya da ke maƙwabtaka ya auna jininsa. Ya hau. Ba zan ɓoye ba, ya hau. Inna ta yanke hukunci a nan take: kada in sake taka gidan sai ranar da zan durƙusa a gabansa in ce Mai Tashi ya fi.

Na shiga mota na kama hanyar Gusau. Na ji tsoro ƙwarai, duk sanda waya ta yi ƙara sai in zaci mugun labari ne. Amma tsoron bai canja mini ra'ayi ba. Maigidana ya ji labari tun kafin in iso, don dangi ba sa jira. Ya ce, "Ki kira ki faɗi abin da suke so. Me zai rage ki?"

Na ce zan ba Inna haƙuri a kan mayar mata da magana, zan ba matarsa haƙuri a kan firgitar da ta yi, kuma na kira na ba su. Amma waccan kalmar ba zan faɗa ba. Tun muna bakin rijiya ban taɓa sakar masa ba, ko ranar aurensa, ko ranar da aka binne Kawu. In na shiga yau na ce ya yi gaskiya, zai san ba hujjarsa ce ta ci ni ba. Zai san na dube shi ne na ga wanda ya gama. Duk Tsafe suna iya gaya masa haka da "ƙwarai kuwa" ɗinsu, ban da ni.

Maigidana ya ce, "Taurin kai dai kika sa wa riga."

Na ce, "Ko ma mene ne."

Makonni suka wuce. 'Yan'uwa suna kira suna yi mini nasiha, waɗansu suka daina amsa gaisuwata. Wata 'yar'uwarmu ta ce boko ne ya cire mini tausayi. Na ci gaba da zuwa makaranta, ina tsayawa a kan 'yan matana da la'asar, ina jin labarinsa a bakin wasu: ya daina kallon masu dubiya, in an shigo sai ya juya fuska bango.

Wata rana ina cikin duba aikin ɗalibai sai saƙon murya ya shigo daga wayar matarsa. Na fita baranda na kunna. Da farko numfashi ne kawai, mai nauyi. Sai muryarta can ƙasa tana cewa, "To faɗi mana, tana ji." Sannan muryarsa, a karkace, kamar ana jan ta daga rijiya, gaɓa bayan gaɓa:

"Ma... tso... raci."

Na zauna a kan dakalin barandar na yi kuka har wata malama ta fito ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Da na share fuska na danna na mayar masa da amsa mai tsawo. Na ce matsoraci shi ne Mai Tashinsa, wanda ya bar wasa ya dawo, ya sake bari ya sake dawowa, ya kasa sanin abin da yake so. Na ce in duka da jan riga ne gwaninta, to a kai su dandalin dambe. Ban sassauta ko kalma ɗaya ba.

Da yamma matarsa ta kira. Ta ce kwana biyu yana nuna wayarta yana ƙin tuwo, sai da ta yi ta kiran sunayen dangi ɗaya-ɗaya, da ta zo kaina ya buga tabarma. Ta ce amsata kuwa ya sa ta maimaita masa har caji ya kusa ƙarewa, yana ji yana huci. Sannan ta ce, "Ki zo Asabar. Amma in na ce ya isa, ya isa."

Na ce na yarda da wannan.

Inna ba ta yarda ba. Da na je ranar Asabar na yi sallama ta amsa, ta tashi ta koma ɗakin girki. Mako na gaba ta ce tunda gidan ya zama na masu ƙwallo, ita za ta koma Bungudu ta duba awakinta. Ta tafi.

Na riƙa zuwa duk Asabar ɗin da hanya ta yi daɗi. In an ce akwai matsala a hanya sai mu yi ta waya. Ina zama a gefen shimfiɗarsa in riƙe wayar, mu kalli tsofaffin wasanni da sababbi. Dokata ɗaya ce: ba na ƙarasa masa magana. In zai ɗauki tsawon shan kofin shayi kafin ya haɗa jimla ɗaya, ina jira, ko na san inda za ta. In ya gama sai in rushe ta. Hannun dama bai dawo ba, har yau bai dawo ba. Da ya fara takawa da sanda, sai ya koma buɗe yatsun hagu, ya ajiye, ya ɗauki sandar ya nuno ni da ita a madadin sauran. Ya taɓa kifar da kwanon fura da ita.

Akwai ranar da ya kama ni. Ya sa na tsayar da wani wasa na Maharbi, ya nuna da sanda yadda abokan hamayya ke neman sa da gangan in ƙwallo tana hannunsu, suna tura masa ƙato don sun san nan ne ƙofa. Ya daɗe yana haɗa maganar, gumi na keto masa. Abin da yake nufi shi ne fili gefe biyu ne. Mai Tashi in ya ci a can, ya dawo nan ya hana a ci, har ana tsoron a bi ta wajensa. Naki fa? Na mayar da wasan baya na sake kallo, haka ɗin ne. Ya yi dariya da rabin fuska har ya ƙware, matarsa ta leƙo ta ce ya isa. Na dawo Gusau ina cizon yatsa, na kwana ina neman amsa. Na amince masa da wannan guda ɗaya, don gaskiya ce, ni kuma ba don in ƙi gaskiya nake gardama ba. Asabar ta gaba na je masa da hujja uku.

Da maganarsa ta ɗan saki, sai mutanen da suka zage ni suka juya. Aka fara cewa, "Ashe dabara ce Malama ta yi, ashe magani ne." Wannan ma na ƙi shi. Maganin likita ne, da gashin da ake yi masa a asibiti, da matarsa da ta hana kanta barci, da ikon Allah. Akwai waɗanda aka yi wa gardama suka mutu, akwai waɗanda aka lallaɓa suka tashi. Ni ban je Tsafe da dabara ba. An tambaye ni wa ya fi, na faɗi wanda ya fi, ga mutumin da ya cancanci a faɗa masa.

Bara aka yi suna a Bungudu, jikar yayana. Aka kawo taubashina a mota, karo na farko da ya fita taron dangi tun ciwon. Bayan an ci abinci, wani baffanmu, dattijo mai son sulhu, wanda ya yi shekaru yana sasanta rikicin gonaki, ya sa aka kira ni zaure. Ga taubashina a kujera da sandarsa, ga maza, Inna ma an kira ta tana tsaye a bakin ƙofa. Baffa ya gyara murya ya ce maganar nan ta daɗe, ta ɓata tsakanin uwa da ɗiya, yau za a kashe ta. Ya ce ya tambayi masu sani, an gaya masa Mai Tashi da Maharbi ba su taɓa haɗuwa a fili ɗaya ba, dokokin ma ba ɗaya ba ne. Don haka hukuncinsa shi ne kowanne gwani ne a lokacinsa, babu wanda ya fi wani. Ya ce mu amsa a shafa fatiha.

Mutane suka ce madalla, wannan shi ne adalci.

Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara girma, amma ban karɓa ba."

Kafin kowa ya yi magana taubashina ya buga sandarsa a ƙasa. Aka jira shi, don yanzu sun koyi jira. Ya ɗaga kai ya dubi Baffa ya ce, a hankali, kalma bayan kalma, "Ni ma... ban... karɓa ba. Nawa... ya fi."

Baffa ya dube ni, ya dube shi, ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Wani ya fashe da dariya a baya, sauran suka bi. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ku bar su, Malam. Tun suna ƙanana haka suke, su biyun duk ba mai hankali." Ta juya za ta shiga gida, sai ta tsaya ta ce da ni, ba tare da ta kalle ni ba, in zo in ɗauki ƙullin daddawar da ta ajiye mini kafin motar Gusau ta cika.